Bakin hanya ƙofar gidanmu ne: mu share, mu kuma hana zubarwa



Maganarmu ta yau a kan sharar bakin hanya take. Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa har Damagaram, ya san alamar kusantar gari. Tun kafin a hango hasumiyar masallaci ake fara ganin baƙar leda. Ta maƙale a kan aduwa da magarya. Ta rufe gindin shinge. Ta cika ramukan gefen kwalta. Haka abin yake a hanyar Tawa, haka yake a ƙananan hanyoyin da ke shiga kasuwannin ƙauye.

A garuruwa da dama, samari da mata sun fara tashi da kansu. Sukan ɗauki tsintsiya da manjagara, su share tasha, bakin kasuwa da gaban gidan likita, ba a biya su ko dala ba. Muna yaba musu ƙwarai. Amma kowa ya ga abin da ke biyo baya. Kasuwa ɗaya ta ci, wurin ya koma yadda yake. Daga nan gwiwa ta yi sanyi, a ce aikin banza ne.

Ra'ayinmu shi ne: gayyar shara aiki ne mai albarka, amma sai an haɗa ta da abu biyu. Na farko, a san inda za a kai abin da aka share. Na biyu, a rage zubarwa tun daga tushe. In babu waɗannan biyu, ɗiban ruwa ne da rariya.

Ɓarnar da take yi wa bisashe

Da rani, in ciyawa ta ƙare, awaki da tumaki da shanu sukan yi kiwo a bakin hanya da kan juji. Leda tana riƙe da ƙanshin abin da aka ƙulla a cikinta: gishiri, mai, ƙosai, ƙuli-ƙuli ko dusa. Bisa ta lasa, ta haɗiye. Tumbinta yana narkar da ciyawa da kara, amma ba ya narkar da leda. Sai ledar ta zauna a ciki. Wata ta zo ta tarar da wata, su murɗe su zama dunƙule. Dunƙulen ya tare wurin abinci.

Sai ka ga akuya ciki ya kumbura, ƙashin baya ya fito, gashi ya tashi, nono ya ragu. Mai ita ya yi tsammanin tsutsar ciki ce. Ya sayi magani, kuɗi su tafi, bisa ba ta tashi ba. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke narkar da leda a cikin tumbi. Sai dai likitan dabbobi ya yi aiki ya fitar da ita, kuma ba kowane ƙauye ke da wannan dama ba. Wanda ke shakka ya tambayi mahautan garinsu abin da suke tararwa in sun buɗe tumbi.

Mu tuna, akuya ita ce asusun mace. Da ita take sayen magani in yaro ya kwanta. Da ita take haɗa kayan ɗakin ɗiyarta. Ragon da aka yi wata shida ana turkarsa don layya, da shi maigida ke sa ran biyan bashi. Ledar da aka ba mu kyauta a kasuwa tana iya cinye wannan dukiya duka.

Ɓarnar da take yi wa gona

Manoman da ke kewayen birane sun daɗe suna kwasar juji da amalanke zuwa gona. Dubara ce mai kyau. A da, juji toka ne da kashin awaki, ƙaiƙayi da ganye, duka masu ruɓewa. Yau ya gauraye da leda, fasassun kwalabe da matattun batiran tocila. Manomi ya biya mai amalanke, ya kai wa gonarsa taki da cuta a haɗe.

Leda tana yin shekaru masu yawa a ƙasa ba ta ruɓe ba. Rana takan farfasa ta ƙanana-ƙanana, amma ba ta zama ƙasa. Inda ta kwanta, tana hana ruwan sama nutsewa. Tana tare saiwar hatsi da ta wake. Tana naɗewa a bakin hauya da garma. Kwalba kuma tana yanke ƙafar mai noma a tsakiyar damana, lokacin da kwana ɗaya na kwanciya asara ce babba.

Ɓarnar da take yi wa lafiya

Sauro a cikin ruwa kwantacce yake ƙyanƙyasa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana goma ko makamancin haka ya isa lokacin zafi. In leda ta toshe magudana, ruwa ya kwanta a bakin hanya, mun yi wa sauro gida ke nan. Haka ma gwangwani da tsohuwar taya da suka tara ruwa. Kowa ya san yadda masassara ke kwantar da yara ƙanana daga watan Agusta zuwa Oktoba, yadda gidan likita ke cika har a rasa gado.

Ƙuda kuwa juji ne gidansa. Daga can yake tashi ya sauka a kan tsire, awara da fura da ake sayarwa a bakin tasha. Kuma inda shara ta taru, nan yara ke zuwa su yi kashi, domin wuri mai ƙazanta ba ya ba kowa kunya. Ruwan sama ya kwashe wannan ƙazanta ya kai ta tabki da bakin rijiya. Ta haka zawo ke shiga gida. Ta haka kwalara ke yaɗuwa. Ba mu manta ba, a shekarar 2018 kwalara ta ɓarke a yankin Madarunfa cikin jahar Maraɗi. A shekarar 2021 ta sake dawowa, ta taɓa jahohi da dama, har da Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Sai maganar ambaliya. A damanar 2024 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a ƙasarmu. Gidaje dubbai sun faɗi, an yi asarar rayuka. Ruwa mai yawa ikon Allah ne. Amma magudanar da leda da rairayi suka toshe, wannan aikin hannun mutum ne. Ruwan da bai samu hanyarsa ba, gindin katangar laka yake nema.

Mu yi ɗan lissafi

A ce gida ɗaya yana karɓar leda 5 a rana: ta gishiri, ta barkono, ta sabulu, ta ƙosai, da ta ruwan sanyi da ake kira piya-wata. A wata ɗaya leda 150 ke nan. A shekara, 1825. A ce unguwar tana da gida 100. Kowace rana leda 500 ke fita waje. Kowane wata 15000.

To, samari ashirin da tsintsiya, sau ɗaya a wata, yaya za su yi da leda 15000? Wannan lissafi ya nuna mana cewa masu zubarwa sun fi masu sharewa yawa. Don haka dole a yi aiki ta gefe biyu.

Aikin wa ne?

Wasu sukan ce: "Aikin hukuma ne. Muna biyan haraji da tikitin kasuwa." Akwai gaskiya a wannan magana. Kwashe shara yana cikin nauyin ma'aikatar magajin gari. Dokoki ma suna nan. Tun ranar 2 ga Maris 1993 ƙasarmu ta kafa dokar tsabtar jama'a. Ranar 5 ga Nuwamba 2014 kuma aka kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana ƙera siririyar leda, shigo da ita, sayar da ita da amfani da ita. Amma ku leƙa kasuwa, leda tana nan a kowane tebur. Dokar da jama'a ba su riƙe ba, a takarda take kwana. Mu nemi hukuma ta yi nata. Kafin ta yi, akuyar da za ta mutu tamu ce, yaron da zai kwanta namu ne.

Wasu sukan ce: "Matafiya ne ke zubarwa daga mota." Gaskiya ne, suna yi. Amma wa ya sayar musu da abin cikin leda? Mu. Wa ya hana su kwandon zubawa a tasha? Mu. Baƙo yana duban halin gari. In ya tarar da wuri fes, yakan ji nauyin jefa ƙazanta. In ya tarar da juji, sai ya ƙara nasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wasu sukan ce: "Sai an biya mu." Akwai ayyukan da akan biya mutane kuɗi ko abinci, kamar na raya fako da kafa shingen duwatsu. Wannan daban. Ba wanda ke jiran a biya shi kafin ya share tsakar gidansa. Bakin hanyar da ƴaƴanmu ke wasa, bisashenmu ke kiwo, matanmu ke kasa kaya, shi ma ƙofar gidanmu ne.

Wasu mazan kuma sukan ce: "Shara aikin mata ne." Mata sun share gida tun asuba. Haƙa magudana, ɗaukar buhu da kora amalanke suna son ƙarfin namiji. Gayyar da maza suka zauna gindin icce suna kallo ba ta nisa.

Gayya ba baƙuwarmu ba ce

Da gayya kakanninmu suka yi noma, suka haƙa rijiya, suka ɗora jinka. A zamanin shugaba Seyni Kunce, bayan shekarar 1974, an farfaɗo da ƙungiyoyin samariya. Sun gina azuzuwan makaranta, sun share gari, sun dasa itatuwa. Ranar 3 ga Agusta ta kowace shekara muna fita dashen icce tare. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, da suka soma a jahar Maraɗi a shekarar 1991, sun nuna cewa mata suna iya haɗuwa kowane mako, su riƙe doka, su riƙe amana. Samari kuma suna da fada a kowace unguwa. Hannuwan suna nan. Tsari ne ya rage.

Akwai darasi daga ƙasar Ruwanda. A shekarar 2008 ta hana leda. Kuma Asabar ɗin ƙarshen kowane wata jama'a sukan fito da safe su yi aikin gayya a unguwanninsu. Sun haɗa hani da shara, sun kuma tsayar da rana sananniya. Shi ya sa ake ba da misali da tsabtar Kigali, babban birninsu.

Yadda za a shirya gayyar shara

A fara da mai gari ko mai unguwa, da liman, da shugabar mata, da shugabannin fada, da sarkin kasuwa, da sarkin fawa. In waɗannan sun amince, magana ta zauna.

A tsayar da rana ɗaya da kowa ya sani. Washegarin cin kasuwa ya fi, tun iska ba ta watsa ledar cikin gonaki ba. A fito da sassafe. Awa biyu ta isa. Aiki kaɗan mai ɗorewa ya fi babban biki na rana ɗaya.

A raba hanya gunduwa-gunduwa. Wannan fada daga tasha zuwa masallaci. Wannan ƙungiya daga masallaci zuwa makaranta. In kowa ya san rabonsa, za a san wanda ya yi da wanda bai yi ba.

A yi babbar gayya ta yashe magudanai a watan Mayu, kafin ruwan farko ya sauka.

A kiyaye lafiyar masu aiki. Kowa ya sa takalmi. A rufe hanci da ƙyalle saboda ƙura. Kada a cusa hannu cikin tarin shara, domin kunama, maciji, kwalba ko tsohuwar allura na iya kasancewa a ciki. A yi amfani da manjagara da shebur. Wanda ƙarfe ko allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi gidan likita a ranar. Kada a bar yara ƙanana su hau kwalta. A tsayar da mutum biyu, ɗaya a kowane gefe, su yi wa motoci alama su rage gudu. In an gama, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Ina za a kai abin da aka share?

Nan ne gayya da yawa ke lalacewa. A share, a tara a gefen hanya, a watse. Iska da awaki su mai da shi inda ya fito. Don haka a raba shara kashi uku tun a wurin.

Kashi na farko, mai ruɓewa: ganye, kara, toka, kashin bisashe, ɓawon albasa da ragowar abinci. Wannan dukiya ce. A haƙa rami a bayan gari, zurfinsa kamar mita ɗaya. A zuba shara, a bi da kashin dabbobi da toka, a yayyafa ruwa, a sake wani hawan. A riƙa juyawa bayan kowane mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi laushi. Taki ne mai kyau ga gona da garka. Ana iya sayar da shi, kuɗin su shiga asusun gayya.

Kashi na biyu, mai sayuwa: tsohon ƙarfe, gwangwani da tsofaffin robobi masu kauri. Akwai masu yawo suna sayensu. A tara a buhu a jira su.

Kashi na uku, leda, kwalba da batir. A cusa su cikin buhu a ɗaure baki. A kai su wurin da hukuma ta ware. In garin ba shi da irin wannan wuri, a haƙa rami nesa da rijiya da tabki, a zuba, a rufe da ƙasa. Kada a ƙone leda a cikin unguwa. Hayaƙinta guba ne, yana tayar da tari da ciwon ƙirji, musamman ga jarirai, tsofaffi da masu asma. Haka kuma iyaye mata su daina hura wuta da leda.

Kuɗin mai amalanke fa? A ce kowane gida ya ba da dala goma a mako. Gida 100 sun tara jika biyar ke nan. A naɗa ma'aji, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a kowane wata. Kuɗin da ba a rubuta ba shi ke raba ƙungiya.

Hana zubarwa tun daga tushe

Rigakafi ya fi magani. Ledar da ba ta shigo gida ba, ba sai an share ta ba.

In za mu kasuwa, mu ɗauki kwando, jakar kaba, ƙwarya ko buhu. Da su iyayenmu suka yi cefane. Masu saƙar kaba ma za su samu ciniki. In za mu sayi koko, tuwo ko wake da shinkafa, mu je da kwano. In mai tebur zai ƙulla mana sabulu ɗaya a leda, mu ce ya bar ta.

Kowane mai sana'a a bakin hanya ya ajiye tsohon buhu, kwali ko rabin jarka kusa da shi. Mai shayi, mai tsire, mai sayar da ruwa, kowa ya share gabansa kafin ya tashi. Sarkin kasuwa ya sa wannan cikin sharaɗin zama.

A yi magana da ƙungiyar direbobi da ƴan kamasho. Kowace motar fasinja ta rataya buhu a ciki. Karen mota ya gaya wa fasinja kada su jefa kome ta taga. A tasha a juye buhun. Ƴan kabu-kabu su ma su taimaka da faɗakarwa.

Limamai su tuna mana a huɗuba. Malamai sun karantar da mu cewa wanda ya kawar da abin da ke cutar da mutane a hanya yana da lada. Malaman makaranta su koya wa yara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma yaro abin da ya ga babba yana yi shi yake yi. Uban da ya sha ruwa ya jefar da leda a gaban ɗansa ya rushe karatun malam.

Rabon masu karatun yaƙi da jahilci

Ku da kuka koyi karatu da rubutu, ga inda iliminku zai yi aiki. Ku rubuta sunayen gidaje da ranar kowa. Ku riƙe littafin kuɗi. Ku rubuta alluna da manyan baƙaƙe, a kafa a tasha da kasuwa: A ZUBA SHARA A NAN. Ku karanta wannan shafi ga waɗanda ba su iya ba tukuna. Ku rubuta wa ma'aikatar magajin gari takarda da hannunku, ku nemi abu uku: fili na zuba shara nesa da ruwan sha, amalanke ko mota mai kwashewa a rana sananniya, da aiki da dokar leda ta 2014, a fara da manyan masu shigo da ita kafin a taɓa mai tallan gyaɗa. Jama'ar da ta riga ta share rabonta, bakinta yana da nauyi a gaban hukuma.

Sili ɗaya ba ya shara, sai an ɗaure tsintsiya. A wannan mako, kowace cibiyar karatu ta zauna ta amsa tambaya uku. Wace rana za mu fito? Ina za mu haƙa ramin taki? Wa zai je wurin mai gari? In kun tsayar da amsa, ku rubuto mana, mu buga don wasu garuruwa su yi koyi.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya kiyaye mana ƴaƴanmu da bisashenmu, ya ba mu damana mai albarka. Amin.